Kafin a sake buɗe ƙirji: yadda ake zaɓen girma da tudun robar nono a tiyata ta biyu

Aikina a asibitin tiyatar gyaran jiki shi ne zama da mace kafin ta shiga wurin likita. Ina ɗaukar tarihinta, in auna ta, in rubuta abin da ya kawo ta. Waɗanda suka fi cin lokacina su ne matan da aka riga aka sa wa robar silikon a nono, yanzu kuma suna son a canza. Wasu a Istanbul aka yi musu, wasu a Alƙahira ko Dubai, wasu kuwa kansa ce ta sa aka cire nonon aka sake gina shi. Kusan kowacce da lambar cc, wato ma'aunin girman robar a mililita, a bakinta take shigowa: "Sista, ni dai a sa mini 450," ko "a rage mini zuwa 250." Abin da nake gaya musu shi zan gaya miki, 'yar'uwa: lambar nan ita ce abu na ƙarshe da ake yankewa. Hukuncin tiyatar a addini na bar wa malamai, ni da wadda robar ke jikinta tuni nake magana.

Fara da neman takardun aikin farko. Kowace roba tana zuwa da ɗan kati mai ɗauke da sunan kamfani, yawan cc, irin tudunta (wato yadda take fitowa gaba), da ko bayanta mai santsi ne ko mai kaushi. Ki nemi kuma rahoton da likita ya rubuta bayan tiyata, domin shi zai nuna ko a saman tsokar ƙirji aka ajiye ta ko a ƙarƙashi, da wurin da aka yanka. Mace ta kan rantse 300 aka sa mata, a buɗe a tarar da 375, lissafin da aka yi gaba ɗaya ya rushe. Akwai sunaye biyu da idan kin gan su a katin sai ki gaya wa likita tun kafin a fara maganar girma. Na farko PIP, kamfanin Faransa da aka gano a 2010 yana cika robarsa da silikon ɗin masana'antu. Na biyu Biocell ta kamfanin Allergan, mai kaushin baya, wadda aka janye daga kasuwa a watan Yulin 2019 saboda alaƙarta da wata kansar ƙwayoyin garkuwar jiki da ke tasowa a kewayen robar, ana kiranta BIA-ALCL. Idan katin ya ɓata, sikanin ko hoton MRI zai nuna inda robar take da ko ta fashe.

Daga nan sai ki zauna da kanki ki tantance ainihin abin da ke damun ki. "Ba na son yadda yake" ba ya isar likita, saboda matsaloli daban-daban ne ke fakewa a bayan maganar, kuma yawancinsu ba girma ne ya jawo su ba. Jiki yana saƙa wata yana ta tabo a kewayen duk roba, wannan ba ciwo ba ne. Amma idan yanar ta yi kauri ta matse, nonon zai taurare, ya haura sama, ya dunƙule, ya zama kamar ya ƙanƙance. Likitoci suna auna wannan da matakan Baker, daga 1 zuwa 4, kuma na 3 da na 4 su ne ake yi wa tiyata. Mai wannan matsalar takan zo tana neman ƙari, alhali da an cire yanar, robar mai girman da take da shi ma za ta zauna ta yi kyau. Wata kuma robar ce ta zame ƙasa ta wuce layin gindin nonon, kan nonon ya koma yana kallon sama. Nauyi ne ya fi ƙarfin fatarta, ƙarin cc sai dai ya ƙara lalata abin. Wata idan ta kwanta rigingine sai robar ta gangara hammata, alamar gurbin da aka haƙa wa robar ya yi faɗi. Wata tana ganin tattarar robar ta cikin fata idan ta sunkuya. Wata kuwa bayan goyo biyu ko uku naman nonon ya zubo ya bar robar a sama ita kaɗai. Sai an kawar da duk waɗannan ne za a ce matsalarki ta girma ce zalla.

Awo na farko da nake yi shi ne faɗin gindin nono, daga gefen ƙashin tsakiyar ƙirji zuwa inda ya ƙare wajen hammata. Yawancin mata suna faɗawa tsakanin santimita 11 da 14. Wannan faɗin ƙashin ƙirjinki ne ya yanke shi, babu likitan da zai canza miki shi. Robar da za ta dace dole faɗinta ya yi daidai da shi ko ya ɗan gaza, bayan an cire kaurin naman da zai rufe ta. Idan ta wuce, ko ta turo hammata hannunki yana gogar ta, ko ta matsa tsakiya har nonuwan biyu su haɗe, wanda gyaransa yana cikin mafi wahala. Awo na biyu mintsini ne: ana kama fata da nama a saman nonon a ga kaurinsu. Tsarin da likitocin Amurka John Tebbetts da William Adams suka wallafa a 2005 ya ce idan bai kai santimita 2 ba, gara a sa robar ƙarƙashin tsoka don ta samu rufi. A tiyata ta biyu wannan awon ya fi nauyi, domin tsohuwar robar ta shekara da shekaru tana danne naman, ya sirance fiye da yadda yake ranar farko. Ƙirjin da ya ɗauki 400 kina da shekara 25 ba lalle ya ɗauka kina 38 ba.

Yanzu batun tudu, wanda a nan mata suka fi rikicewa. Ki ɗauki malmalar tuwo guda: za ki iya baje ta ta yi faɗi a faranti, za ki iya mulmula ta ta tashi sama, tuwon dai bai ƙaru ba. Haka robar take. Kamfanoni suna yin cc iri ɗaya da tudu daban-daban, mai kwanciya, matsakaiciya, mai tudu, da mai tudu sosai. A jadawalin kamfanin Mentor, alal misali, roba mai cc 350 matsakaiciya faɗinta kusan santimita 12 da rabi ne, fitowarta gaba kusan 4. Mai tudu ta cc ɗin nan faɗinta bai kai 12 ba, amma tana fitowa kusan 5. Sunayen tudun ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, saboda haka ki roƙi a nuna miki lambobi biyun nan, faɗi da fitowa, kada ki tsaya ga suna. Tsarin zaɓen kuwa a jere yake: faɗin ƙirjinki ya zaɓi faɗin robar, ke da likita ku zaɓi yawan fitowar da fatarki za ta iya ɗauka, su biyun ne za su haifar da cc.

Ni dai ina ganin ana son mai tudu fiye da kima. Mata da yawa suna zaton ita ce ke ɗaga nonon da ya zube. Ba ta ɗagawa, tura shi gaba kawai take yi, kan nonon yana nan inda yake. Kuma da yake gindinta siriri ne, idan aka sa ta cikin tsohon gurbin da aka haƙa wa roba mai faɗi, sai ta riƙa yawo a ciki, ratar tsakiyar ƙirji ta ƙara buɗewa. Tana kuma matsa nama da haƙarƙari a wuri ɗaya, wanda ba abin so ba ne ga fatar da ta riga ta sirance. Inda take da amfani shi ne mace mai ƙaramin ƙirji, faɗin 11 ko 11 da rabi, wadda ke son ƙari amma babu sauran wuri a gefe. Mai faffaɗan ƙirji kuwa matsakaiciya ta fi cika mata wurin, ta kuma fi kama da halitta idan aka kalle ta daga gefe.

Idan ƙari kike so, kada ki yi magana da harafin rigar mama, domin D na wannan kamfanin C ne a wancan. A ƙiyasi, cc 150 zuwa 200 ne ke ƙara harafi ɗaya, kuma bambancin cc 25 ko 30 da wuya ido ya gan shi, don haka kada ki hana kanki barci kan 325 da 350. Ki tuna da nauyi ma: kowane cc kusan giram ɗaya ne, 500 a kowane gefe kilo guda ke nan rataye a fatarki dare da rana. Gwajin da nake ba mata a gida mai sauƙi ne. Ki auna ɗanyar shinkafa da kofin awo mai alamar mililita, daidai ƙarin da kike so kawai, ba jimlar ba. Ki zuba a safa mai laushi, ki ɗaure sako-sako, ki baje a cikin rigar mama mara soso. Ki yini da ita. Ki sa ɗinkin atamfarki da ya fi kama jiki, ki yi ruku'u da sujada, ki ɗauki yaro, ki kwanta ta gefe. Na'urorin hoto irin su Vectra da Crisalix suna taimakawa wajen ganin siffa, amma ba sa sa ki ji nauyi a kafaɗa.

Ragi ya fi ƙari wuya, kuma ba a cika gaya wa mata haka ba. Idan aka cire 450 aka sa 280, gurbin yana nan da faɗinsa, fatar ma tana nan a miƙe. Dole a ɗinke gurbin daga ciki a ƙuntata shi, ko a buɗe sabo. Sau da yawa sai an haɗa da tiyatar ɗaga nono, a yanke rarar fata, wanda ke barin tabo a kewayen kan nonon da layi zuwa ƙasa, wani lokaci har da layin gindi. Mu masu baƙar fata sai mun yi wa wannan tunani sosai, domin tabo mai tsiro ya fi kama mu. Ki duba hujin kunnenki, tabon tiyatar haihuwa, da tabon aikin farko, ki nuna wa likita. Ɗagawar tana kuma taɓa jijiyoyin da ke kai jini kan nono, waɗanda aikin farko ya riga ya yanke wasu, shi ya sa likita mai hankali kan ce a raba aikin gida biyu da tazarar watanni. Idan ya ce haka, ba kuɗinki yake nema ba. Wadda robarta da ruwan gishiri aka cika ta, ba silikon ba, tana da wata dama: ana iya zuƙe ruwan da allura makonni kafin tiyata, a ga iya yadda fatar za ta koma da kanta.

Wurin da nama ya yi rauni akan ƙara masa madogara daga ciki, kuma a nan akwai tambayar da ya kamata Musulma ta yi da bakinta: da me aka yi madogarar? Strattice daga fatar alade ake sarrafa shi, AlloDerm daga fatar mutanen da suka rasu suka ba da gudummawa, GalaFLEX kuwa raga ce ta masana'anta da jiki ke narkarwa a hankali. Ba kowane likita ne zai tuna ya faɗa miki ba, musamman a ƙasar waje. Don tattarar da ke nunawa ta fata, akan zaɓi silikon mai ɗan tauri, ya fi riƙe siffarsa ko da yake bai kai mai laushi daɗin taɓawa ba, ko a ɗebo kitse daga ciki ko cinya a shimfiɗa a saman gefen robar. Wani kaso na kitsen yakan narke, a sa wannan a lissafi. Idan nonuwan ba su kai juna ba, babu laifi a sa roba biyu masu cc daban, amma gara faɗinsu ya yi kusa da juna.

Lokaci ma yana shiga zaɓen girma. Kada ki yanke hukunci kan aikin da bai kai wata shida ba, wasu likitocin ma shekara suke so, saboda kumburi bai gama sauka ba, robar ba ta gama zama ba. Idan kina shayarwa, ki yaye ki jira watanni. Idan kina shirin rage ƙiba, ki rage tukuna. Taba da shisha a daina aƙalla sati huɗu zuwa shida kafin aiki, musamman in za a ɗaga. Abin da ba ya jira shi ne zazzaɓi da jan fatar nono, ko nono ɗaya ya kumbura kwatsam bayan shekaru, wannan asibiti za ki nufa a ranar.

A zama na ƙarshe da likita, ku tsayar da iyaka maimakon lamba ɗaya, misali 300 zuwa 340, ki kuma faɗa masa wane gefe zai karkata idan ya rasa zaɓi. Sai ya buɗe ne zai ga ainihin halin naman, kuma a ɗakin tiyata yana da robobin gwaji da yake sawa, a tayar da gadon ki zauna kina cikin barci, ya duba. A rubuta iyakar a takardar amincewa. Ki kawo hotunan abin da kike so da na abin da ba kya so ko kaɗan, na biyun sun fi gaya wa likita gaskiya. Ki tambaye shi yawan gyaran da yake yi, domin sa roba a karon farko da gyara aikin wani ba gwaninta ɗaya ba ce. A Najeriya ki tabbatar yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, kuma ƙwararre ne a fannin, ƙungiyarsu ita ce NAPRAS. Idan waje za ki, ki san wanda zai duba ki bayan kin dawo tun kafin ki sayi tikiti.

Bayan aikin, sabuwar robar za ta zauna sama, ta yi kamar ta fi yadda kika zaɓa, har wata uku zuwa shida, don haka kada ki kai wa tela sabon awo kafin nan. Ita ma ba ta har abada ba ce. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, tana ba mai robar silikon shawarar yin sikanin ko MRI bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3, ko da ba ta jin komai, domin silikon yakan fashe ba tare da wata alama ba.