Yadda ake zaɓen ƙaramar kwamfutar tebur: abin da za ka duba kafin ka miƙa kuɗi

Ƙananan kwamfutocin tebur ɗin nan da girmansu bai wuce na littafi mai kauri ba sun yawaita a shagunan Beirut Road a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja. Galibinsu na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su: Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny. Akwai kuma sababbi dal daga Sin, irin su Beelink da Minisforum, sai Mac mini na kamfanin Apple. Abin da ya sa nake son su shi ne ba sa cin wuta. Cajar yawancinsu irin ta laftof ce, mai wat 65 ko 90, don haka ƙaramin inbata ko sola zai riƙe su ba tare da batir ya sha wahala ba. Sai dai mutane da dama suna saye da ido, su ga tambarin "Core i7" a gaban akwatin su ciro kuɗi. Nan ne asarar take farawa.

Mataki na farko: faɗa wa kanka aikin da za ta yi

Mai shagon buga takardu da rajistar JAMB da cike fom a intanet ba ya buƙatar abin da mai haɗa bidiyon biki yake buƙata. Idan aikinka Word da Excel ne, da lissafin kayan shago, da karatun yara, kowace ƙarama mai lafiya ta ishe ka. CorelDRAW da Photoshop ma za su tafi, in dai RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a lokacin, ya wadata. Amma in tace bidiyo mai nauyi ne sana'arka, ko wasannin zamani, ka sani cewa yawancin waɗannan ƙananan ba su da gurbin da za a ƙara katin hoto, wato sashe na musamman mai sarrafa hoto da bidiyo. Gara ka nemi babbar akwati tun farko.

Mataki na biyu: karanta lambar furosesa

A nan zan fi daɗewa, domin nan ne kuɗinka yake tsira ko ya salwanta. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma sunan i3, i5 ko i7 da kamfanin Intel ke sa mata shi kaɗai ba ya gaya maka komai game da shekarun na'urar. Lambar da ke biye da shi ce take magana. In ka ga i5-6500T, lamba ta farko wato 6 tana nufin zubi na shida, wanda 'yan kasuwa ke kira janareshan na shida. i5-8500T zubi na takwas ne. In lambobin biyar ne, kamar i5-10500T, sai ka ɗauki biyun farko, zubi na goma ke nan. Harafin T na ƙarshe alama ce ta furosesa mai tattalin wuta, wanda aka tsara a kan wat 35, kuma shi aka fi sakawa a waɗannan ƙananan.

Me ya sa zubi na takwas yake da muhimmanci haka? Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, shi kuma Windows 11 yana neman furosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama, tare da abin tsaron da ake kira TPM 2.0. Ke nan i7 na zubi na huɗu ko na shida, komai kyan fentinsa, ya faɗi wannan jarrabawar, alhali i5-8500T ya haye. Ƙari a kan haka, i5 na zubi na takwas yana da ƙwayoyin aiki shida, na zubi na shida da na bakwai kuwa huɗu ne. Za ka ji wani ya ce maka, "Ai Yallaɓai, muna ɗora Windows 11 a kan tsofaffin ma, yana tashi lafiya lau." Gaskiya ne yana tashi, amma ta bayan gida aka shigar da shi, kuma babu tabbacin zai ci gaba da samun sabuntawa. Wanda zai ajiye bayanan kwastomomi ko ya riƙa shiga asusun banki a kai bai kamata ya yarda da wannan ba.

Don sauƙaƙawa, OptiPlex 7050 da EliteDesk 800 G3 da ThinkCentre M710q 'yan zubi na shida da na bakwai ne. OptiPlex 7060 da EliteDesk 800 G4 da ThinkCentre M720q su ne suka fara daga na takwas. Kamanninsu ɗaya a ido, shi ya sa dole ka juya ta ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta.

A cikin sababbin na Sin za ka yawaita ganin Intel N100, wanda ya fito a 2023. Yana da arha, wutar da yake ci kaɗan ce ƙwarai, kuma ya isa aikin rubutu da kallo da intanet. Kada dai ka ɗora masa aikin zane mai nauyi.

Mataki na uku: RAM, da kuma gurbin ƙara shi

Windows 11 ya ce gigabait 4 ya isa a girka shi, amma duk wanda ya buɗe shafuka goma a Chrome da 4 ya san irin jan ƙafar da ake sha. Ka ɗauki 8 a matsayin mafi ƙaranci, 16 kuma in zane ko hoto kake yi. Abin da na fi so ka tambaya shi ne ko ana iya ƙarawa. Na ofis ɗin nan uku suna da gurbi biyu na RAM irin na laftof, wato DDR4 gajere, don haka za ka iya saye da 8 yau ka ƙara wani 8 idan hali ya yi. Sanda biyu ma sun fi sanda ɗaya mai girmansu, domin sashen hoto na furosesa daga RAM yake ɗiba, kuma ya fi sakewa in hanyar biyu ce. Mac mini mai guntun M na Apple kuwa a haɗe RAM ɗinsa yake, abin da ka saya da shi za ka zauna har ƙarshe. Wasu daga cikin masu arhar Sin ma haka suke.

Mataki na huɗu: ma'ajiya da ramukan baya

Zaɓi SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta da faifai mai juyawa, ko da gigabait 256 ne, a kan tsohon faifai mai juyawa na gigabait 500 ko 1000. Bambancin saurin tashi kaɗai ya isa hujja.

Daga nan juya bayanta. Da yawa daga cikin na ofis DisplayPort gare su, ba HDMI ba, ba kuma VGA mai shuɗin kai ba. In tsohon allo ko talabijin za ka haɗa, ka lissafa kuɗin wayar sauyi. Wi-Fi ma ba kowace ke da shi ba, saboda a ofis da waya ake haɗa su, kuma wannan yakan ba mai dogaro da hotspot na wayar hannu mamaki bayan ya isa gida. Ƙirga ramukan USB: kibod, maus, firinta, sikana, sun riga sun cinye huɗu.

Mataki na biyar: haɗa farashin gaba ɗaya

Kuɗin da mai shago zai faɗa maka sau da yawa na akwatin ne kawai, kuma yana hawa da sauka tare da dala, don haka ka zaga shaguna uku ko huɗu a rana guda. Ka ɗora kuɗin allo, kibod, maus da UPS, wato akwatin batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, a kai. UPS ba ado ba ne, domin wannan na'ura ba ta da batir, wuta na ɗaukewa take mutuwa da aikin da ba ka adana ba. In jimillar ta kusa kuɗin laftof mai irin ƙarfinta, kuma kana yawan tafiya, ka sake tunani. In kuɗi ya gaza, rage RAM ko girman SSD, tunda ana ƙara su daga baya. Kada ka rage zubin furosesa.

Caja kuma ka dage a ba ka ta asali. Dell yana gane cajarsa ta wani siririn tsinke da ke tsakiyar bakin wayar. In jabu ce ko ƙarfinta bai kai ba, zai nuna gargaɗi lokacin tashi ya kuma rage gudun furosesa, kai kuwa kana ta zargin kwamfutar.

Mataki na shida: gwaji a gaban mai shago

A kunna maka ita. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, a tagar da za ta buɗe ka shiga sashen Performance, ka karanta sunan furosesa da yawan RAM da irin ma'ajiyar da idonka. Sa a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa lokacin da kwamfuta ke tashi, da maɓallin F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo, ka tabbata tsohon ofishin bai bar kalmar sirri a kai ba, domin cire ta wahala ce. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, za ta nuna maka lafiyar SSD da awannin da ya yi yana aiki. Soka filas a kowane ramin USB.

Sannan ka roƙi a buɗe ta. A OptiPlex Micro noti ɗaya ne a baya, da yatsa ake kwance shi, murfin ya zame gaba. Ɗaga fanka za ka ga guraben RAM a ƙarƙashi, ka kuma duba ƙarafan sanyaya ko ƙura ta toshe su kamar auduga. Wannan wurin za ka riƙa hurewa da kanka duk bayan hunturu, musamman in shagonka a bakin titi yake. Bar ta ta yi minti goma sha biyar tana kunna bidiyo, ka saurari fankar ko tana kuka, ka taɓa jikin ka ji zafin. In komai ya yi, a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da kwanakin garantin da kuka yi yarjejeniya a kai.