Yadda za ka saurari albam ɗin farko na Beatles ba tare da ka cuci kunnenka ba

Yaran Jos da yawa sun san sunan Beatles, ƙungiyar mawaƙa huɗu 'yan Liverpool ta Ingila, amma ba su taɓa zama sun ji albam ɗinsu ko ɗaya ba, to in za ka fara ka fara da na farkon, Please Please Me, wanda ya fito 22 ga Maris 1963 a Ingila. Waƙa 14 ne, duka-duka minti talatin da ɗoriya, datar da zai ci ba ta kai ta bidiyon TikTok na yamma ɗaya ba.

Abu na farko, kuma nan ne mutane ke tafka kuskure: kar ka sa iyafis a kunne ɗaya. Wannan ɗabi'ar tamu ta raba iyafis da aboki a cikin keke daga Terminus zuwa Farin Gada ba za ta yi a nan ba, don da na'ura mai layi biyu kacal aka ɗauki aikin, a yawancin waƙoƙin murya tana ɓangare ɗaya kiɗa yana ɗayan, sai ka ga kai ganga da jita kake ta sha shi kuma abokinka murya zalla. In iyafis ɗinka kunne ɗaya ya mutu, shiga Settings na waya, wajen Accessibility, ka kunna Mono audio, zai haɗe maka su wuri guda.

Sannan ka kashe shuffle, ka bi su a jere. Goma daga cikin waƙoƙin a rana ɗaya aka ɗauke su, 11 ga Fabrairu 1963, a sitidiyon EMI da ke Abbey Road a Landan, furodusa George Martin yana so ya kamo irin wasan da suke yi a kulob-kulob na Liverpool. Sauran huɗun dama sun riga sun fito a ƙananan faya-fayai. Shi ya sa za ka ji abin da ɗan gaggawa, ba gyare-gyaren kwamfuta, ni ma dai shi ne abin da ya fi burge ni a ciki.

Ka kasa kunne ka rarrabe muryoyi, duk su huɗun sun yi waƙa. Ringo mai ganga shi ya ja Boys, George Harrison ya ja biyu. Takwas daga cikin waƙoƙin sauran biyun ne suka rubuta, wato John Lennon da Paul McCartney, shida na mawaƙan Amurka ne suka maimaita, wasu daga ciki gaskiya sanyi-sanyi ne, ka daure kar ka tsallake.

Ta ƙarshe, Twist and Shout, ita ce ladan haƙurin. John Lennon mura yake fama da ita ranar, aka bar waƙar sai can dare don an san za ta kashe masa murya, ya buɗe maƙogwaro ya yi ta tashi ɗaya, da aka ce a sake muryar ta riga ta tafi. Wannan na farkon shi kake ji har yau. Ƙara sauti in ka zo wajen, amma in a hostel kake a Naraguta ka tabbata ba mai barci kusa.