Yadda gajeren mutum zai zaɓi babur kuruza na hannu da zai yi masa daidai

Idan kai ba dogo ba ne kuma ranka ya biya da babban mashin, to kuruza ya kamata ka fara nema, wato mashinan nan masu ƙasa-ƙasa da dogon jiki da faffaɗan tanki, samfurin Harley-Davidson da takwarorinsa na Japan irin su Honda Shadow da Yamaha Virago. Dalili shi ne sirdinsu a ƙasa yake, yawanci tsakanin inci 25 da 28 daga ƙasa, alhali mashinan gudu da na shiga daji daga inci 31 suke farawa su yi sama. Amma fa kar wannan lambar ta ruɗe ka, mutane da yawa da ita kaɗai suke sayen mashin a waya, sai an sauke musu shi a ƙofar gida sannan su ga ƙafa ta kai ƙasa amma ba ta kai birki ba.

Fara da auna kanka tukuna. Ka sa takalmin da za ka riƙa hawa da shi, ka jingina da bango, ka sa wani ya auna maka daga ƙasa zuwa matsematsinka da tef ɗin tela, da ma da inci tela yake awo kuma da inci ake rubuta tsayin sirdin mashinan da suka fito daga Amurka, na Turai da Japan kuma da milimita, inci 27 wajen milimita 685 ke nan. Wannan awon shi ne naka, ba tsayinka gaba ɗaya ba, don akwai gajere mai doguwar ƙafa akwai kuma mai matsakaicin tsayi da ƙafarsa gajeriya ce.

To ga inda lambar take yaudara. Mashin biyu za su iya zama tsayin sirdinsu ɗaya amma ɗaya ka dire ƙafa biyu lafiya lau, ɗayan kuma sai da ɗage, saboda faɗi. Sirdi mai faɗi yana buɗe maka cinyoyi, kuma duk buɗewar da ka yi tsawon ƙafarka ne yake tafiya a gefe maimakon ya sauka ƙasa, ga murfin gefe, ga salansa da ta turo waje a dama dole ka kauce mata don zafi. Shi ya sa babu abin da ya kai ka je da kanka ka zauna a kai. Ka hau, ka ɗago shi daga jak ya miƙe, ka ture jak ɗin, ka ga ya ƙafarka take. Ƙwararre zai ce maka ƙafa ɗaya ma ta isa, gaskiya ne a wajensa, amma kai da yanzu za ka fara riƙe mashin mai nauyi ni dai shawarata ka nemi wanda aƙalla gaban tafin ƙafafunka biyu suka taka ƙasa sosai har za ka iya tura shi baya kana zaune. Ka tuna ba a kan simintin shagon dillali za ka riƙa tsayawa ba, a danja za ka tsaya inda kwalta ta gangara gefen kwata, ko kan yashi, ko daidai inda rami yake a ƙarƙashin ƙafarka ta hagu, a nan ne inci ɗaya yake zama bambanci tsakanin tsayuwa da faɗuwa.

Abin da ya fi cin gajerun mutane a kuruza ma ba sirdi ba ne, matakin ƙafa ne. Da yawansu ana kai matakin da fedar birki da ta giya can gaba kusa da tayar gaba don dogo ya miƙe ƙafa ya shaƙata, kai kuwa sai ka ga ka miƙe ƙafar gaba ɗaya gwiwa ta sandare sannan da ƙyar yatsunka suke taɓo birki, sai ka riƙa zamowa gaba kana zama a bakin tanki, bayanka ya ƙage, kuma in ka faɗa rami babu yadda za ka ɗan ɗaga jikinka, duk dukan a ƙugunka zai ƙare. Ka nemi wanda matakinsa yake tsakiya, kusan ƙarƙashin gwiwarka. Yadda za ka gwada: wani ya riƙe maka mashin ɗin ta gaba, ka ɗora ƙafa biyu a mataki, ka zauna har ƙarshen sirdi, gwiwarka ta kasance da ɗan lanƙwasa, ka taka birki har ƙasa ba tare da ka motsa mazauninka ba, ka sa giya sama da ƙasa. In sai ka zamo kafin ka yi wannan, mashin ɗin ba naka ba ne ko da ya yi maka kyau a ido.

Haka kan mashin ɗin. Ka juya shi dama har ya ƙure, ka juya hagu har ya ƙure, hannunka na waje ya ci gaba da riƙe da kyau ba tare da ka kwanto a kan tanki ba, don a juyawa cikin lungu ko gidan mai a nan gajeren hannu yake kasawa, mutum ya ja totur ba da niyya ba. Ka matsa kuloci sau goma sha ka ji, in yatsunka da ƙyar suke kamo shi ko yana da tauri to ka tuna da goslo.

Sai nauyi, wanda shi ma ba a cika faɗa wa mutum ba. Mashinan da muka saba da su irin Boxer da Jincheng ba su wuce kilo 130 ba. Honda Shadow Aero 750 sirdinsa bai kai inci 26 ba, kowa ƙafarsa za ta kai, amma ya haura kilo 250, buhun siminti biyar ke nan a tsakanin ƙafafunka, Kawasaki Vulcan 900 kuwa yana kai wajen 280. Nauyin nasu a ƙasa yake shi ya sa in ana tafiya ba a ji, amma ranar da ya karkata a tsaye ya wuce wani mizani babu mai tare shi. Don haka in kai gajere ne kuma ba ka da jiki sosai, ka dubi waɗannan. Yamaha Virago 250, wanda daga baya aka koma ce masa V Star 250, sirdi inci 27 kuma bai kai kilo 150 ba, ga shi siriri. Tsohon Honda Rebel 250 shi ma haka, ya ma ɗan fi shi ƙasa. Suzuki Savage 650, shi ne Boulevard S40, silinda ɗaya gare shi, wajen kilo 173, sirdi inci 27.6, kuma bel yake amfani da shi ba sarƙa ba. In aljihu da nauyi, sabon samfurin Rebel 500 da ya fara fitowa a 2017 gaskiya da wuya ka samu wanda ya fi shi dacewa da gajere, sirdi milimita 690, wajen kilo 190, matakinsa a tsakiya, kuma an matse shi sosai a daidai inda cinya take sauka. Akwai Shadow 600, wanda na kasuwar Japan ake ce masa Steed, da Yamaha DragStar ko V Star 650, duk suna da ƙasa amma su matakinsu ya ɗan yi gaba, sai ka zauna ka ji.

Kawasaki Vulcan S da ya fito a 2015 shi kamfanin da kansa ya yi masa tsarin da suke kira Ergo-Fit, ana iya matso da mataki baya ko a kai shi gaba, akwai sirdi da kan mashin na gajere da na dogo. Abin lura in za ka sayi na hannu, wanda ya hau shi kafin kai da nasa awon aka ɗaura, in dogo ne to a saitin dogo zai zo maka, kuma matso da matakin yana buƙatar sandar giya mai tsayin da ya dace, ka tambaya ko tana nan.

In ka samu wanda komai ya yi sai ɗan kaɗan ya rage, akwai gyara. Mafi sauƙi ka kai sirdin wajen mai kushin ya rage soson, kuma ka ce masa gefe da gefe na gaba zai fi shafewa ba saman ba, rage faɗin ya fi amfani, in ya kwashe saman da yawa katako za ka koma zama a kai. Takalmi mai kaurin ƙasa yana ƙara maka kusan inci guda. Ana sassauta kan mashin a ɗan juyo shi baya, a gyara tsayin fedar birki da ta giya, duk wannan aikin minti kaɗan ne. Wanda ba na so shi ne a sa gajeriyar shokazoba don a sauke mashin ɗin. Kuruza da ma cikinsa kusa da ƙasa yake, ka ƙara sauke shi kuma ka zo kan bamp ɗin unguwanninmu da kowa yake ginawa yadda ya ga dama, ƙasan injin da salansa ne za su riƙa sha, a kwana mataki ya riƙa kartar kwalta, sannan jak ya yi masa tsawo mashin ya tsaya kusan a miƙe iska kaɗan ta kayar da shi sai an yanke jak ɗin. Gara tun farko ka sayi wanda ya yi maka.

Yanzu lafiyar mashin ɗin. Ka gaya wa mai shi kar ya tayar kafin ka zo, da ka isa ka taɓa injin ka ji da sanyi, don mashin mai matsala in ya yi zafi yana ɓoye halinsa. A tayar a gabanka, ka saurari sitata, ka tsaya ta baya ka kalli hayaƙi, shuɗi yana nufin yana shan baƙin mai, ringi ko wani abu ya tafi. Ka duba baƙin man, in ya yi fari-fari kamar an zuba madara to ruwa yana shiga, ga mai lagireto wannan babbar magana ce. Buɗe tanki ka haska da fitilar waya, mashinan tokumbo da yawa sun yi shekaru a ajiye kafin a loda su, tsatsa a tanki ita ce za ta riƙa toshe kafireto kullum kana wajen bakanike. Ka shafa ƙarfen shokazobar gaba, in da danshin mai to sil ya mutu. Ka dubi ƙarshen hannun birki da kuloci, gefen mataki, salansa da gefen tanki, nan ne faɗuwa take barin tabo, sabon fenti a wuri ɗaya shi ma abin tambaya ne. In da mitar auna wutar batir a je da ita, batir lafiyayye wajen volt 12.6 yake nunawa a kashe, in an tayar an ɗan ja totur ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, in bai hau ba caji ba ya yi.

Taya kar ka tsaya a zanenta kawai. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 sati na 23 ke nan a 2019. Taya za ta iya zama da zane rangaɗaɗau amma ta tsufa ta bushe, in ta wuce shekara biyar zuwa shida ka sa kuɗin sabuwa a lissafi, kuma tayar kuruza ba irin ta Boxer ba ce da za ka samu a kowane kwana. Agogon tafiya kuma in daga Amurka ne da mil yake ƙirga, ka ninka da 1.6 ka samu kilomita.

Kafin ma ka biya ka nemo wanda zai riƙa gyara maka, ka je da shi in zai yiwu, ba bakaniken da dillali ya kawo ba. Ka tambaye shi wanne ya sani kuma wanne ake samun kayansa. Mai kafireto kusan kowane tsohon hannu zai iya kwance shi ya wanke, mai injekta ya fi daɗin tashi da shan mai daidai amma ba ya son gurɓataccen fetur kuma ba kowa ke taɓa shi ba. Shadow Aero da DragStar 650 shaft gare su, wato sandar ƙarfe a rufe ce take juya tayar baya, babu ruwanka da sarƙa da ƙura, wannan ba ƙaramin hutu ba ne a ƙasarmu. Mai bel kuma ka bi bel ɗin kaf ka ga babu tsaga ko inda tsakuwa ta huda, don samunsa sai an yi oda.

Takardu kuwa babu sassauci. Lambar shasi tana jikin wuyan mashin, ƙarƙashin kai, ka karanta ta da idonka ka gwada da ta takardar kwastan da rasit harafi da harafi, in ka ga alamar an goge ko an sake bugawa ka tashi kawai. In an taɓa yi masa lamba a nan, a yi takardar canjin mallaka da shaidu da lambar wayar mai sayarwa, kai kuma ka tabbata lasisinka na babur ne, ajin A.

Ranar gwaji ka zo da hular kwano da takalmi sau ciki, ka bar babbar riga da silifas a gida, salansar nan tana ƙona ƙafa kuma bakin riga yana iya shiga taya. Gudu ba shi za ka gwada ba, kowane kuruza yana da daɗi a miƙaƙƙen titi. Ka nemi fili ka yi tafiya a hankali kamar mai tafiya a ƙasa, ka juya dama ka juya hagu, ka tsaya ka tashi sau da yawa, ka tsaya a ɗan gangare ka ga ko za ka iya riƙe shi da ƙafa ɗaya ɗayar tana kan birki, sannan ka sauka ka tura shi gaba da baya da hannu kamar za ka shigar da shi zaure, in da dakali a ƙofar gidanku ka sa shi a lissafi. Duk abin da kuka gani na gyara, taya ce, batir ne, sil ne, aikin mai kushin ne, ka sa bakanikenka ya ƙiyasta kuɗinsa a rubuce, da wannan takardar za ka yi tayi, kuma ku yi maganar la'adar dillali tun kafin a ce an sallama.