Kwana uku a Alƙahira: kurakuran da baƙi ba sa gajiya da maimaitawa

Yawancin mutanenmu da ke shiga Alƙahira wata lalura ce ta kai su. Wani ya rako mara lafiya asibiti, wani ya je duba ɗansa da ke karatu a Azhar, wani sari ya kai shi, wani kuma ya ware kwana biyu ko uku ne a hanyarsa ta Umara. Daga nan sai a ce tunda an zo, bari a ga gari. Kusan kowa ramuka iri ɗaya yake faɗawa, ya koma gida da ciwon ƙafa da hotuna biyar, yana cewa Misrawa sun cuce shi, alhali rabin cutar shi ya yi wa kansa tun kafin ya bar masauki.

Babbar ɓarnar ita ce jera wurare a takarda ba tare da an buɗe taswira ba. Sai ka ga mutum ya rubuta: dalar Giza da safe, Azhar da azahar, gawar Fir'auna da la'asar, kasuwa da daddare. A takarda abin gwanin sha'awa. To amma garin nan da kewayensa mutum sama da miliyan 20 ke ciki, kogin Nilu ya raba shi biyu, kuma duk mai tsallakawa sai ya bi ta gada. Filin jirgi yana arewa maso gabas, dalolin Giza suna can kudu maso yamma a bakin hamada, tsakaninsu ya haura kilomita 30. Wanda ya sauka wajen ɗalibai a Madinat Nasr ko Hayyul Ashir ya sani cewa yana ɗaya ƙarshen garin ne. Tafiyar da waya ta ce maka minti arba'in, idan ka fito bayan takwas na safe ko ka taso tsakanin uku da bakwai na yamma, tana iya cinye awa ɗaya da rabi kana zaune kana shan hon da hayaƙi. Ka tsallaka kogin sau huɗu a wuni guda, ka ga ai a mota ka yi yawon. Ga shi wuraren tarihin da ke fili tun huɗu ko biyar na yamma ake rufe su, a watan azumi ma kafin haka.

Ni ƙa'idata ɗaya ce: kowace rana shiyya guda. Ranar yammacin gari, ka kasance a ƙofar Giza lokacin da ake buɗewa, wajen bakwai zuwa takwas, kafin rana ta ɗaga kuma kafin manyan motocin 'yan yawo su sauke jama'a. Zafi na tasowa ka shige sabon babban gidan tarihin da ke kusa da wurin, tazarar kamar kilomita 2, ka ƙarasa wunin a inuwa. Ranar tsohon gari, ka fara da ganuwar Salahuddin da aka soma ginawa a 1176, inda masallacin Muhammad Ali yake. Kana gangarowa ga masallacin Sultan Hasan da na Rifa'i suna kallon juna, daga nan ka taka da ƙafa zuwa na Ibn Tulun wanda aka kammala a 879. Sallar la'asar a Azhar, ka tsallaka titi zuwa masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili, bayan magariba ka bi titin Mu'izz zuwa ƙofar Futuh lokacin da aka kunna fitilun gine-ginen. Rana ta uku ta Fustat ce: masallacin Amr bin As, tsofaffin majami'un Kibɗawa da ke jikin tashar Mar Girgis, gidan da gawarwakin sarakuna suke, sannan hubbaren Imam Shafi'i. Idan Juma'a ta faɗo cikin kwanakinka, ita za ka ba tsohon gari. Da safiyarta tituna fayau suke, kuma ka samu Juma'a a Azhar in ka je da wuri. Ranakun hutunsu Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce da cikakken cunkosonta.

Masu cusa Luksor cikin kwana uku kuwa, Allah ya shirya. Ta fi kilomita 600 daga Alƙahira. Iskandariyya ana iya zuwa a dawo a wuni ta jirgin ƙasa daga tashar Ramsis, amma kwana ɗaya cikin ukunka ta cinye ke nan. Taura biyu ba ta taunuwa.

Sai maganar gawar Fir'auna, wadda ita ce abin da Bahaushe ya fi tambaya. Har yanzu ana kai mutane tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, su biya, su zagaya ɗaki ɗaki, sannan mai gadi ya ce musu ai an ɗauke. Tun ranar 3 ga Afrilun 2021 aka kwashe gawarwaki 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fustat. Can Ramsis na Biyu yake, can ɗansa Marnabtah yake, su biyun da aka fi dangantawa da ƙissar Annabi Musa (AS), duk da masana ba su tsaya a kan ɗaya ba. Ɗakin yana ƙarƙashin ginin, da ɗan duhu, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki, don haka ka mayar da wayar aljihu kada a yi maka tsawa gaban jama'a. Kayan kabarin sarki Tutankhamun, na zinariya da sauransu, sama da guda 5,000, su kuma sun koma sabon gidan na Giza da aka yi bikin buɗewa a Nuwambar 2025. Gidaje uku ne a unguwanni uku. Ka san wanda kake nufi kafin ka ce wa direba “mat-haf”, wato gidan tarihi, in ba haka ba wanda ya fi masa kusa zai kai ka.

Kuɗi a aljihu ba ya sayen tikiti a manyan wuraren. Tun 2023 tagogin Giza da ganuwar Salahuddin da gidajen tarihi suka koma karɓar kati kawai. Mutum ya canza dalarsa, ya cika jaka da fam ɗin Masar, ya bi layi rabin awa, a tura masa na'ura, katinsa na naira ya ƙi. Nan take wani zai matso ya ce bari ya biya maka da nasa, ka ba shi tsaba da ƙari. Kafin ka bar gida ka je bankinka ka tabbatar katin yana aiki a waje da kuma iyakar abin da zai iya cirewa, ko ka tafi da katin asusun dala. Na sabon gidan Giza ka saye shi ta intanet tun kafin ranar. Ɗalibi ya riƙe katin shaidar ɗalibta na ƙasa da ƙasa, ana rage masa kusan rabi.

Yanzu Giza kanta, inda ake yi wa baƙi wankin babban bargo. Tun kafin ka isa ake farawa. Mota na rage gudu wani zai leƙo ta taga, da kati rataye a wuya, ya ce ƙofa a rufe take yau, ko ba a shiga sai da doki, ko ofishin tikiti ya koma bayan layi. Ƙarya ce, barga zai kai ka. Kada ka sauka sai a ƙofar da ka ga taga da jami'ai da na'urar bincike. A ciki kuma ga mai raƙumi da fara'arsa: “Najeriya? Ahlan! Hau kyauta, hoto kawai.” Ka hau, raƙumi ya miƙe, kana sama kusan mita biyu daga ƙasa, sai a fara maganar kuɗin sauka. Wani ya ɗora maka rawani a ka ya ce kyauta ce, ka taka uku ya biyo ka. Wani ya karɓi wayarka zai yi maka hoto kana taɓa ƙololuwar dala, wayar ba za ta dawo ba sai da na goro. Haba malam, kai da ka taso kana ciniki a Kwari ko Kurmi, yaushe ka fara yarda akwai kyauta a bakin kasuwa? In kana son hawa, ka tsayar da magana kana ƙasa: nawa, da fam ɗin Masar ko da dalar Amurka, na mutum ɗaya ko na duka, minti nawa, zuwa ina, kuma har da dawowa. Biya sai an sauka. In ba ka so, “la, shukran” sau ɗaya, kada ka tsaya, kada ka miƙa hannu ka karɓi komai. Kunyar nan tamu ta ƙin mayar da hannun kyauta baya ita suke ci.

Direban da aka ɗauka na wuni shi ma yana da nasa. Zai ce bari ya nuna maka masana'antar takardar bardi ko gidan turare “na gwamnati”. Shago ne, la'adarsa na jiransa, kai kuma awa guda ta tafi a shan shayi. Ka faɗa masa tun da safe: babu shago.

Shiga cikin babbar dala ta Khufu tikitinta daban, mai tsada. Abin da ke ciki rami ne mai hawa da za ka bi a sunkuye, ga zafi ga ƙarancin iska, ƙarshensa ɗaki da akwatin dutse wanda babu komai a ciki. Ba zinariya, ba rubutu a bango. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ko Hajiya da ta manyanta, su tsaya a waje, girman ginin daga waje ake ganinsa: kusan mita 146 lokacin da aka gama shi, shekara wajen 4,500 da suka wuce. Wanda ya matsa sai ya shiga dala, kuma yana da kwana na huɗu, ya tafi Dahshur ya shiga jar dala inda babu turereniya, ya haɗa da mai matakala ta Sakkara a hanya ɗaya.

Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai suna Giza ba a gindin dala take ba, da sauran tafiya mai nisa a mota. Jirgin dai yana da amfani tsakanin tashar Sadat da ke Tahrir da Mar Girgis, kuma akwai taragun mata zalla a tsakiya, namiji ya kula kada ya faɗa ciki. A kan titi Uber ya fi kwanciyar hankali tunda kuɗin a rubuce yake. Lambar mota da lissafin Larabci take, wanda ya yi Islamiyya ya huta, wanda bai yi ba ya riƙe wannan: biyar ɗinsu zagaye ce kamar sifilinmu, sifilinsu ɗigo ne. Akwai takardar ƙirshi 50, wato rabin fam, da ake musanyawa da ta fam 50 a ce kai ka yi kuskure. In za ka miƙa kuɗi ka faɗi adadin da baki. Ka tara ƙananan canji kuma, mai tsaron takalma a masallaci da mai kula da banɗaki duk suna sa rai.

Larabcin littafi zai fisshe ka, amma kunnenka ya shirya: jim ɗinsu “g” ce, ƙaf kuma sukan haɗiye ta. “Bikam?” shi ne nawa. Dala “haram” suke ce mata, da ha kuri (ه), in ka ji direba na kiran Haram ba Makka zai tafi ba.

Ana raina sanyinsu. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare na sauka wajen digiri 10, da iska mai ratsa shadda, a tafi da rigar sanyi. Yuni zuwa Agusta kuma Giza da tsakar rana babu inuwa ko ta tsayuwa. Ruwan gora za ka sha. Ka ci abincinsu, koshari da ful da ta'amiyya, a wurin da ka ga 'yan gari sun yi layi, ɗanyen ganye a bar shi in cikinka ba ya son baƙon abu.

Biza a neme ta tun makonni kafin tafiya, mai fasfon Najeriya kada ya dogara da cewa za a buga masa a filin jirgi. Fasfo ya kasance da sauran wata shida, katin rigakafin shawara yana cikin jakar hannu. Tramadol da kodin kada su shiga kayanka ko da saƙon wani ne, ɗauri ake yi a kansu. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto za a ƙwace shi a kwastan, kuma ba a ɗaga waya a saitin 'yan sanda ko sojoji ko gininsu.

Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya lokacin sanyi, awa biyu daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. Ranar komawa kada ka sa Giza ko sayayyar tsaraba a Khan Khalili, ka gama su tun jiya. Daga tsakiyar gari ka baro masauki awa huɗu kafin tashin jirgi, daga Giza awa biyar.