Darasi na 9: Ƙurajen da Ke Biyo Bayan Ciwon Maƙogwaro

Wani lokaci mutum kan yi ciwon maƙogwaro ya warke, sai bayan mako 1 zuwa 3 ƙuraje su feso masa a ƙafafu. Da yawa kan ce zafi ne, su nemi man shafawa. Ba kullum ne abin ke tsayawa a fata ba.

Me ke faruwa a jiki?

Idan ƙwayar cuta ta bakteriya ta shiga jiki, garkuwar jiki kan haɗa sinadaran da za su yaƙe ta. Ɗaya daga cikinsu likitoci na kiransa IgA. A jikin wasu mutane, sai wannan sinadari ya dunƙule ya maƙale a bangon ƙananan jijiyoyin jini. Jijiyoyin su kumbura, jini ya riƙa tsattsafowa a ƙarƙashin fata. Ana kiran wannan cuta Henoch-Schönlein, da sunan likitoci biyu 'yan Jamus, Schönlein da Henoch, waɗanda suka bayyana ta a ƙarni na 19. Ba a ɗaukarta daga wani, don haka kada a guji mai ita.

Alamomi

Ƙurajen sun fi fitowa a ƙafafu da ɗuwawu. A baƙar fata ba sa yin ja sosai, duhu suke yi, amma idan ka shafa za ka ji tudunsu. Danna su da gefen tambulan na gilashi ka duba: ba sa ɓacewa. Gwiwa da idon sawu kan yi ciwo, ciki kan murɗa, wani har ya ga jini a bayan gida.

Idan ƙurajen sun zo da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, a garzaya asibiti nan take, domin sanƙarau ma kan zo da irinsu.

Ƙoda ce abin ji

Cutar ta fi kama yara, kuma yawancinsu kan warke sarai cikin kamar wata guda. Babba kuwa, ta fi taɓa masa ƙoda. Abin tashin hankalin shi ne ƙoda ba ta ihu. Ƙuraje na iya bushewa, mutum ya koma gona ko kasuwa, alhali jini da furotin na zuba cikin fitsarinsa bai sani ba. Sai daga baya a ga fitsari na kumfa ko ya yi launin shayi, ƙafa da fuska su kumbura, jini ya hau. Bai kamata a jira wannan ba. Ko ka ji garau, ka riƙa zuwa a auna fitsarinka da hawan jininka har aƙalla wata 6, ko iya lokacin da likita ya ɗiba maka.

Kada ka sayi diclofenac ko ibuprofen a kemis don ciwon gaɓɓai, domin suna ƙara wa ƙoda nauyi, suna kuma iya sa hanji ya yi jini. Farasitamol ya fi sauƙi. Magani irin su prednisolone kuwa sai likita ya rubuta. Ka gaya masa ciwon da ka yi kafin ƙurajen, da duk maganin da ka sha, har da na gargajiya.

Aiki

1. Rubuta wurare biyu da ƙurajen suka fi fitowa.
2. Me ya sa ake auna fitsari bayan ƙuraje sun warke?