Komawa motsa jiki bayan tiyatar rage ƙiba

Yawancin tiyatar rage ƙiba a yau ta 'yan ƙananan huji ake yin ta, huɗu ko biyar a fatar ciki. Cikin sati biyu fatar ta haɗe, sai mutum ya duba cikinsa ya ɗauka ya warke. A nan ake yin kuskure. Naman da ke ƙarƙashin fatar, wanda yake tare hanji, sai ya yi sati 4 zuwa 6 kafin ya yi ƙwari. Ga shi kuma abin da ke shiga cikin bai taka kara ya karya ba, domin a irin tiyatar da ake yanke tumbi, kusan kashi 80 cikin 100 ake cirewa. Da waɗannan biyun za ka auna duk wani motsi, rauni na ciki da ƙarancin ci da sha.

Tafiya ita ce farko, kuma tun a asibiti ake fara ta, ranar tiyatar ko washegari. Ba don ƙona kitse ba ne. Kwanciya na sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan kuma yana iya ɓallewa ya toshe huhu. A gida, ka riƙa tashi duk bayan awa ɗaya ko biyu da rana, ka taka na minti 5 zuwa 10. Gajeriyar tafiya sau shida ta fi doguwa sau ɗaya. Kullum ka ƙara minti ɗaya ko biyu, har zuwa ƙarshen wata ka iya yin minti 30. Ma'aunin saurin mai sauƙi ne: idan kana iya magana kana tafe, ka yi daidai, idan haki ya hana ka ƙarasa jimla, rage.

A sati shida na farko bayan tiyata kada ka ɗaga abin da ya wuce kilo 5. Mutane kan kiyaye ƙarfen ɗagawa, su manta da bokiti cike da ruwa, da ɗaukar yaro, da tura kujera, alhali duk yunƙuri ɗaya ne. Duk abin da zai sa ka riƙe numfashi ka yi nishi, yana danna hanji a kan hujin da bai gama rufewa ba, kuma haka ƙaba ke fitowa, wadda sau da yawa sai an sake tiyata. Atisayen matse ciki ma ya jira. Ninƙaya sai raunin ya bushe sarai, babu ɓawo babu ruwa, galibi bayan sati 3 zuwa 4. Wanda aka buɗe wa ciki da dogon yanka, jiransa ya fi haka.

Ruwa ne ke kayar da mutane da yawa. Da, idan ƙishi ya kama ka sai ka kwankwaɗi kofi biyu. Yanzu babu wurin zuba su. Ana son aƙalla lita ɗaya da rabi a yini, kurɓi kurɓi, kuma ba a haɗa shi da abinci: a bar minti 30 kafin ci da bayan ci. Saboda haka shan ruwan atisaye tun awanni kafin a fara ake yin sa. Duba fitsarinka; idan ya yi ja kuma kaɗan ne, ranar ba ta atisaye ba ce. Lemukan 'yan wasa masu suga kuwa ka bar su, musamman idan tiyatar karkatar da hanji aka yi maka, wato wadda ake haɗa ɗan ƙaramin sashe na tumbi kai tsaye da hanji. Sugan yana faɗawa hanji lokaci guda, cikin rabin awa sai gumi, bugun zuciya, murɗar ciki da gudawa.

Jiri idan an miƙe tsaye ba kullum ne laifin ruwa ba. Nauyi na sauka, hawan jini da suga na sauka, amma maganin yana nan yadda aka rubuta shi da. Mai shan maganin hawan jini ko mai allurar insulin ya koma wa likita a daidaita masa, ya kuma auna suga kafin atisaye da bayansa.

Idan likitan tiyata ya ba da izini, galibi bayan sati 6, sai a shiga gina tsoka, kuma a ganinmu wannan ya fi gudu muhimmanci. Jikin da ke ramewa da sauri ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har tsoka da ƙarfin ƙashi. Fara da kwana 2 a sati, da hutun kwana ɗaya aƙalla a tsakani: zama da tashi daga kujera, tura bango da hannu, jan robar atisaye. Kowanne sau 10 zuwa 12, zagaye ɗaya ko biyu, kana fitar da numfashi lokacin yunƙuri. Sai zagayen ƙarshe ya zo maka da sauƙi sannan ka ƙara nauyi. Ba tare da furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, gram 60 zuwa 80 a yini ba, wahalar banza ce. Tafiya, keke ko ninƙaya kuma a kai su minti 150 a sati. Gudu da tsalle a jinkirta su, gwiwa ba ta gama hutawa ba tukuna.

Wasu ƙananan abubuwa: ƙafa ma tana ramewa, takalmin da ya yi maka yawa zai jawo tuntuɓe. Fatar da ta saki tana gogar juna ta yi ƙurji, riga mai kama jiki na rage wannan. Idan jiki ya yi tsami, kada ka sha ibuprofen ko diclofenac, suna haddasa gyambo a wurin ɗinkin. Farasitamol ne aka fi ba da shi.

Ka dakata ka tafi asibiti nan take idan bugun zuciya ya haura 120 a minti kana zaune, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji na ciwo, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Haka ma zazzaɓi da ciwon ciki mai ƙaruwa ko ciwon kafaɗar hagu a makonnin farko, domin yana iya zama ɗinkin ne ke yoyo.