Yadda Ake Fita Da Kare Mai Saurin Zabura A Cikin Unguwa

Yawancin masu sabon kare, musamman Alsatian ko Boerboel da aka saya don gadi, wuri ɗaya suke tuntuɓe. Karen ya hango mutum ya fara haushi, sai su tamke igiya su daka masa tsawa. Galibi tsoro ke sa shi zaburar, tsawar kuwa ƙara masa take yi.

Fara da lokaci. Ka fita bayan masallatan asuba sun watse, kafin 'yan makaranta su cika layi. Igiya kada ta wuce mita 2. Takunkumi ka nemi mai kama da kwando, wanda zai iya buɗe baki a ciki, domin da haki kare ke rage zafin jiki. Na ƙyallen nan mai ɗaure baki ya fi araha, amma a zafin watan Afrilu haɗari ne. Allurar haukan kare kuwa ba sai na faɗa ba, har cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin ta, kuma ka adana katin.

Sai ka gane tazararsa, wato nisan da zai ga mutum bai birkice ba. Idan ya ƙame, ya kafa ido, gashin bayansa ya tashi, ko ya ƙi karɓar abinci, kun matsa da yawa, ku ja baya. Idan ya kalli mutumin ya waiwayo ka, nan take ka ba shi guntun dafaffiyar hanta.

Yanzu ga wurin da ake kwafsawa: mutanen kirki. Za ka same su. Mai shayi zai ce wa yara su matsa gefe, mai adaidaita sahu zai dakata ku wuce, wata dattijuwa ta tsaya a bakin zaure ta yi maka alama da hannu. A Turai wasu kan ɗaura rawayan ƙyalle a igiya don a ba kare wuri. A nan ba wanda ya san ma'anarsa, bakinka za ka buɗe, tun daga nesa: "Baba, don Allah a ɗan dakata nan, tsoro yake ji." In an tsaya, ɗaga hannu ka ce Allah ya saka da alheri, kana tafiya. Kada kunya ta sa ka tsaya doguwar gaisuwa. Kana tambayar iyali da gajiya, karen na cika yana batsewa a ƙafarka.

Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne mai cewa shi ma yana da kare, ya nufo ku da hannu a miƙe. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma ka shiga tsakaninsu ka ce, "Malam, daga nan ma ya isa." Idan mai tsire ya jefo masa yanka, kada ka bari ya ci, albasa da tafarnuwa suna cutar da kare. In wani ya nace sai ya taimaka, roƙe shi ya riƙa tsayawa a wuri ɗaya kullum, ba kallon ido, ba magana, kai kana ba karen hanta daga nesa. Da haka ake rage tazarar kaɗan-kaɗan.

Ranar da ya zabura sosai, juya gida, washegari ma a huta. Idan ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti, kai kuma ka ga likitan dabbobi kafin ku sake fita.